Tayar Daji a Kan Kwalta

A rumfar mai faci, wani ma'aikacin ofis ya tsuguna yana shafa tayar ƙaton babur ɗinsa na shiga daji. Wani dattijo mai irin babur ɗin yana kan benci, yana jiran a sa masa iska.

"Baba, don Allah tayarka tana daɗewa?"

"Wannan? Ta kusa shekara biyu."

"Inna lillahi! Tawa ko wata biyar ba ta yi ba, ta suɗe. An ce mini jikin babur ɗin ne ya karkace. Sayar da shi zan yi kafin ya kashe ni."

Dattijon ya sunkuya ya duba. "Babur ɗinka lafiya lau, ɗana. Dubi, tsakiyar tayar kawai ta cinye, gefenta sabo fil. Taya mai haƙora irin wannan ta ƙasa da laka ce, kwalta cinye ta take yi. Yaushe rabonka da daji?"

Ma'aikacin ya sosa ƙeya. "Gaskiya daga gida sai ofis. Sai kuma kai yara makaranta."

"To, sa tayar kwalta ka huta."

Ya sauke ajiyar zuciya, har da dariya. "Alhamdu lillahi, har barci ya gagare ni! To kai Baba, wane daji kake shiga da taka ta daɗe haka?"

Dattijon ya dafa ƙugu. "Daji? Da wannan bayan nawa? A gareji yake zaune, ɗana. Sai tayar ta sace nake fito da shi a sa mata iska."