Barkono a Aljihun Riga

A mafitar jirgin ruwa kusa da Illo, shekarar mulkin kai, wani dattijo manomi ya tsura wa kayan wata matar masunta ido.

"Baiwar Allah, barkono nika gani cikin tsumma?"

"Shi ne, Baba. Jaka nika ɗinkawa da tsohon zane, in cika ta da ƙasa da taki, in shuka."

"Ikon Allah! Har da 'ya'ya jajur! Ina tukunya?"

"Wata shida muke yi bisa ruwa, har cikin Dahome. Jirgi na karo da dutse tukunya ta fashe. Zane kuwa sai dai ya lanƙwashe."

"Ruwa ba ya ruɓar da saiwa?"

"Tsiyayewa yake yi. In mun sauka tudu, in binne jakar yadda take. Zanen ya ruɓe, saiwar ta wuce abinta."

"Subhanallahi! Shekara arba'in ina dashe a Kende, rabi na mutuwa a hannuna, ashe allura ce ban riƙa ba. To wannan babban, mai shuɗin saƙi, har da aljihu, ai ya isa dashe tuntuni."

Ta gyara wa jakar zama.

"Rigar maigidana ce. Ruwa ya ɗauke shi bara waccan, ba mu samu abin binnewa ba."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin. Sauran duk ka zaɓa, Baba, kyauta. Wannan kam ba ta shiga ƙasa."