Ƙafar da Ta Warke

A bakin kasuwar Madawa, shekarar da fara ta cinye gero, wani falke yana sauke jakunansa sai ga wani mutum ya iso a guje yana haki.

Falke ya ce, "Bawan Allah, wa ya koro ka?"

"Ba kowa, ƙahwata nike gwadawa. Da damina na hwaɗo daga bisa rumbu, ta karye. Da kaka ba mu samu ko dami guda ba, matata Saude ta kwashi ɗiyanmu daga garinmu Azarori ta bi ayari zuwa Sakkwato cin rani. Ni maɗori ya hana ni motsi."

"Ga shi ko ka warke sarai."

"Na warke. Bazara ta yi ba su komo ba, gobe ni bi su. Daga can kake?"

"Daga can. Saude ta Azarori, mai saida hura? Ai na sha hurarta! Lahiya lau take, ita da 'yar ɗiyarta Husaina."

"Alhamdu lillahi! Hasana hwa? Tagwaye ne, ba su rabuwa."

Falke ya duƙa yana lalubar igiyar da ya riga ya kwance.

"Malam, Hasana hwa?"

"Zamna ka huta, ɗan'uwa. Tahiyar ga ba ta gudu ba ce."