Gidan da Muka Ce Babu Kowa

Assalamu alaikum. Malam Liman, mai unguwarmu Alhaji Hussaini, malamai da dattawan Tandabawi ta nan ƙasa mai tsarki, Hajiya Rahmatu uwar gidan marigayi da ke saurare daga ciki, 'ya'yansa Bandar da Mujahida, Allah ya ba mu haƙurin rashin Injiniya Ma'aruf.

Ni Mukhtaru, tare muka tashi da shi a lungu ɗaya, don haka ba zan yi muku kwana-kwana ba.

Ya kasance mai aikin da muka tsana. Kamfaninsu ke duba tsofaffin gidaje, a ga wanda za a ƙarfafa don gudun girgizar ƙasa. Kuɗin ba ya isa kowa, saboda haka ake sa wa kowane rai farashi, a ninka da yawan mutanen gida, a gwada da kuɗin gyara. Na taɓa ce masa, "Ma'aruf, ka ji tsoron Allah, mutum ragon kasuwa ne?" Ya ce, "Yaya, diyya bayan mutuwa ake biyanta. Ni so nake a biya tun mutum yana numfashi."

Ya kasance mai hawa tudun nan da rana tsaka, takarda a hannu, yana sallama ƙofa-ƙofa da Hausar kakanninsa. Mu kuwa mun san halinmu. Da mun hango mai takarda, sai mu ce masu duba iƙama ne, wato takardar izinin zama, a rufe ƙofa, a yi tsit. Gidan Baba Manar tsofaffi tara ne a ciki. Da abokin aikinsa ya zo ƙirga, aka ce masa babu kowa. Wallahi ni na faɗa, da bakin nan nawa, ina ganin rufa musu asiri nake. Aka rubuta sifili, aka cire gidan daga jerin gyara.

Ya kasance ba ya barin magana. Sau uku yana komawa, har Baba Manar ta buɗe masa. Ya rubuta sunaye shida, yana hawa bene wajen sauran ukun matakalar ta rufta da shi. Ko girgizar ba ta zo ba, jama'a. Ina jin kunya, kuma ina jin tsoro, domin tsofaffin nan tara jiya ma a gidan suka kwana.

Hajiya Rahmatu, ki yafe mana. Bandar, ka yafe wa baffanka. Mujahida, kin ce ke za ki ƙarasa takardar kafin a rufe jerin ranar Alhamis. Ni zan yi miki jagora, ni zan buga ƙofar.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo. Allah ya jiƙan Ma'aruf, ya haskaka kabarinsa, ya tsare bayansa. In kun ji sallamarmu gobe, don Allah ku amsa, ku faɗi ko ku nawa ne.