Goma Bisa Goma

A bencin asibiti, wani dattijo da aka yi wa aikin ƙashin baya yana yi wa matar da ke gefensa ƙorafi.

"Na warke sarai, baiwar Allah, amma sun ƙi sallamata."

"Kana cikin masu gwajin sabon maganin ciwon nan?"

"Ina ciki. Kullum sai su ce in ba da maki, sifili zuwa goma. Goma nake ba su."

"Baba, ciwon ake ba maki, ba likitocin ba. Ka ce sifili su sallame ka."

"Sifili? Yaran da suka sa ni barci mai daɗin nan? Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa zaluntar ɗalibi ba."

Ya ɗan sosa gemu.

"Tara zan ba su. Nas ɗin ba ta gaisuwa."