Ranar da Na Hana a Yi wa Yayana Ƙaho

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ya aiki, ya iyali? Ni ne Alhaji Lawal mai taya, daga Ƙofar Marusa, Katsina.

Ran Juma'ar nan da ta wuce sama, yayana Musa yana ɗaga buhun masara sai ya durƙushe, zufa ta keto masa. Ya ce, "Lawal, ana yaga mini ƙirji har gadon baya." Innarmu ta aika aka kira wanzami, wai mataccen jini ne. Har ya jera ƙahonninsa, na ce wallahi ba mai taɓa shi.

Inna ta ce, "Don ka yi mota shi ne ka fi mu sani?"

Na ce, "Inna, ajiye faɗan sai mun dawo."

A asibiti likita ya auna jininsa a hannuwa biyu, ya ɗauki hoton ƙirji. Ya ce yana zargin babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ce ta tsage ta ciki, saboda hawan jini, kuma jinkiri na iya fasa ta. Aka yi masa allurar sauko da jini, aka tura mu Kano saboda babu na'urar ɗaukar babban hoto a nan, can hoton ya tabbatar.

Malam, iyakata sakandare, da facin taya na fara, amma ranar na yi abin da nake alfahari da shi. Tunda soja sun koma bariki, waɗanda muka zaɓa su kawo mana wannan na'ura Katsina.

A gaida mini Inna. Yanzu ita ke bin Yaya Musa da ƙwayar maganinsa kowace safiya, kuma har yau ba ta yi mini faɗan ba.