Yadda Angale Ta Shiga Gonarmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce A'i, daga wani ƙauye kusa da Keita.

Autarmu Rabi tana lakkwal, makarantar boko ke nan, kuma Angale ta fi so, wato Turancin Ingila. Maigidana ya ce bana za ta bar karatun, don yaren da bai san gona ba ba zai cika rumbu ba.

Da ta zo hutu, muna gyaran jerin duwatsun tare ruwa a gona, sai ta ce, "Baba, kai humble ne. Ma'anarta mai tawali'u, kuma asalinta daga kalmar Latin ce mai nufin ƙasa, wannan da ke hannunka. Inna kuwa robust ce, wato ƙaƙƙarfa. Daga sunan wani babban icce aka samo ta, mai tauri kamar gawonmu."

Malam ya dubi ƙasar tafinsa, ya dube ni da dutse bisa kai, ya fashe da dariya. Ya ce, "Ashe su ma manoma ne!"

Washegari ya raɗa wa shanun nomanmu biyu suna, Hambul da Robas. Duk mai wucewa sai ya tsai da shi ya yi masa bayani.

Ku ba ni shawara, jama'a: in ji daɗi ko in yi fushi? Ni da sa yanzu sunanmu guda!

Ina gaida matan da muka ɗauki duwatsu tare, da Rabi, wadda babanta da kansa ya raka ta tasha don ta koma lakkwal.