Motar da Muka Yi wa Ƙafa Huɗu a Jalingo

Tunkiyar Yaya Delu aka sayar aka yi mini kuɗin mota. Ita kaɗai gare ta, kuma da ciki. Ta ƙulle kuɗin a ƙyalle ta danƙa mini, ta ce, "Haladu, je ka ci raninka, amma ruwan farko ya same ka a gida." Na ce to. Kai Kabiru, ajiye wayar nan. Ku ne masu cewa za ku tafi birni, ai sai ku saurara.

Lokacin ba a daɗe da yanka jihar Taraba ba, ana ta cewa Jalingo ta zama babban birni, aiki har yana neman mai yi. Ni kuwa na iya walda, a Azare na koya. Na bar uwarku da goyon yayanku Sani, na hau mota.

Ɗaki na samu a unguwar Sarkin Dawaki, gidan wata dattijuwa, Mama Talatu. Hausar can sai wanda ya ji. Mace a ce mata "ya", namiji a ce masa "ta", ba ruwan kowa. Ran da na fara wanke kayan aikina a bakin rijiyarta ta fito da muciya a hannu.

"Kai Bahaushe! Rijiya na ya zama gareji?"

"Mama, ai nesa nake zubarwa."

"Nesa ina? Jiya tuwo na yana warin baƙin mai!"

Ba a yi sati ba kuma ita ce take ajiye mini doya a kwano in na dawo a makare. Haka take, faɗa da baki, alheri da hannu.

Aiki kuwa a unguwar Yelwa na same shi, garejin Oga Bitrus, ƙarƙashin wani mangwaro. Bitrus mutumin Mumuye ne, gajere mai faɗin ƙirji, in yana ƙarƙashin mota sai ka ji yana rera waƙar coci a hankali. Ya ba ni ƙarfe biyu ya ce in haɗa. Na haɗa. Ya buga da guduma bai rabu ba, ya ce in zo gobe.

Ana nan rannan ya ja ni bayan gareji ya yaye wani tamfol. Wata jif ce tsohuwa, ruwan ƙasa, irin wadda ƙafafun baya kaɗai ke ja.

Ya ce, "Malam Haladu, wannan za mu mai da shi fowil."

Na ce, "Fo me?"

"Fowil. Ƙafa huɗu duka ya ja. Kuma mu ɗaga shi sama, cikinsa kada ya taɓa laka."

Ni wallahi na zaci Fowil wani gari ne a Kudu. Sai ya shiga jero mini sunaye, difaransha, firofela, shokozoba. Na ce, "Oga, shokozoban nan ƙarfe ne ko wani maƙwabcinka?" Ya yi dariya har ya dafa taya. Dariyarsa da na gani ba ta da yawa, shi ya sa nake tuna wannan.

Dalilin motar sai daga baya na ji, muna cin gasasshiyar doya da rana. Ƙauyensu yana bayan duwatsun Yorro. In damina ta sauka ba motar da ke shiga, sai ƙafa. Matarsa Rahila ta je haihuwa wajen uwarsa, haihuwa ta zo da gardama. Maza suka cire ƙyauren ɗaki suka ɗauko ta a kai, za su fito da ita bakin kwalta. Ba su iso da ita ba. Ya faɗi wannan yana ɓare bawon doya, bai dube ni ba. Sai ya ce, "Motan gwamnati ba zai je ba. Nawa zai je."

Muka kama aiki. Ɗagawar ba ta ba mu wuya ba: muka ƙara wa sifirin ganyen ƙarfe, muka sa mata dogayen shokozoba, muka samo manyan tayoyi kwance. Ta miƙe tsaye har sai ka kama ƙofa ka ɗaga ƙafa kafin ka shiga. Mai filin garejin, Alhaji Hammadu, wani Bafulatani siriri, ya zo ya zagaya ta da sandarsa.

"Bitrus, wannan mota ce ko raƙumi?"

"Mota ne, Baba."

"To ka ji. Masu shago sun dame ni, gari ya cika. In kana nan kana kiwon raƙumi, ni filina zan gina."

"Ka yi haƙuri, Baba, ya kusa."

Ƙafa huɗun ce ta wahalar da mu. Muka samo ƙafafun gaba na wata mota da ta yi haɗari, da ƙaramin giyabos mai raba ƙarfi gaba da baya. Na fasa ƙasan motar na fitar da sandar giya ta biyu. Kwana da kwanaki ina kwance a ƙasa, tartsatsin walda na zubo mini a wuya. Kun ga tabon nan, nata ne. Ran da muka gwada ta kuwa sai ta dinga ƙugi tana tirjiya kamar shanun huɗa da ba su saba da juna ba. Ashe haƙoran difaranshar gaba da na baya ba ɗaya ba ne, gaba na son gudu, baya na jan ta. Ɗan Ibon da ke sayar mana da kaya a Kasuwar Jalingo ya ce sai an aiko daga Onicha. Muka zauna jira.

Muna jira hadari ya fara haɗuwa. Masu ci-rani irina duk suka ɗaure kaya. Wani mai kifi ɗan garinmu ya tsaya a gareji ya ce mini, "Yayarka ta ce in gaya maka an yi shuka." Na je na sami Bitrus.

"Oga, zan tafi gida."

"Yanzu?"

"Gonata na jira. Ga shi masu kawo gyara ma kora kake yi saboda motar nan, me muke samu?"

Ya ajiye gudumar hannunsa. Sannan ya ce, "Malam Haladu, mutane za su hau wannan mota. Waldan wani ban yarda da shi ba. Ka tsaya mini."

Na ce sati biyu. Sati biyun nan su suka cinye damina.

Sai da ruwa ya yi tsakiya motar ta kammalu. Ga wahalar fetur a shekarun nan, sai da muka bi 'yan bumburutu galan galan muka cika ta. Muka kama hanya da safe, shi ke tuƙi. Da muka sauka daga kwalta ya ja sandar nan ta biyu, na ji motar ta damƙi ƙasa. Laka har gwiwa, ta ratsa. Muka zo wani rafi mai duwatsu, na rufe ido ina salati, shi yana kiran Yesu, ta haura. Da muka shiga ƙauyen mata suka fito suna guɗa, tsofaffi suna shafa mata jiki. Uwar Bitrus, wata 'yar tsohuwa, ta zauna a ƙasa gaban motar tana kuka tana magana da yarensu. Ban ji ko kalma ba, ban kuma tambaya ba.

Tafiya ta uku ban je ba, zazzaɓi ya kwantar da ni. Mutanen ƙauye suka ɗora mata doya har saman rufi, don kowa na son tasa ta kai kasuwa, shi kuma Bitrus ba ya iya ce wa nasa a'a. Mota ga tsawo, ga kaya a ka. A wani gangare ƙasa ta zame ƙarƙashin taya ɗaya, ta kwanta, ta mirgina. Ba ƙarfen da ya karye, kawai ta yi tsawo ne, mu kuma ba wanda ya kawo wannan a ransa. Mutum biyun da ke ciki tare da shi suka fita da ƙujewa. Bitrus bayansa ya taɓu.

Na same shi a asibiti, kwance a miƙe, ƙafafunsa ba sa jin komai. Sannu kawai nake ta maimaitawa. Ya kamo hannuna.

"Malam Haladu, amma ya hau, ko? Ka gani da idonka ya hau."

Na ce, "Ta hau, Oga. Na gani."

Da likitoci suka ce ba abin da za su ƙara, 'yan'uwansa suka ɗauke shi. Mota ta kai su ƙarshen kwalta, daga nan a kafaɗa suka shiga da shi. Na raka su har wurin, na tsaya ina kallo har duwatsu suka rufe su. Jif ɗin tana can ƙasan gangare, an ce yara sun kwance tayoyin. Gareji kuwa ba a yi wata ba aka sare mangwaron aka zuba bulo. Mama Talatu ce ta cika mini kuɗin mota, tana yi tana faɗa, wai in tafi in huta mata da warin mai.

Na iso gida ana yankan gero. Kowa na gona, amalanke na wucewa da dammuna, ni ina tafe da jaka ɗaya. Ba wanda ya yi mini gori, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Sannu da zuwa kawai, sai a kau da kai. Uwarku ta kawo mini tuwo, na san na gidan ƙanina ne, na ci.

Washegari na ɗauki lauje na tafi gonata. Ciyawa ta fi ni tsawo. Na tsaya na dube ta, sannan na sunkuya na fara yanka. Ita na ɗaure na kai kasuwa masu dabbobi suka saya. Abin da na girba ke nan a shekarar.

Bitrus kuwa, har yau ban san ko yana raye ba.